Dutsen da Bai Taɓa Aiki Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya raba wa bayinsa hankali, ya kuma bar wa wasunmu hanyar zubar da nasu. Ku matso, ku masu son labarin ƙasashe masu nisa. Ni ne Korau ɗan Jatau, mai sassaƙar dutsen niƙa a garin Tudun Marke. Abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da wuyana na ɗauko shi, don haka kada wani ya ce mini an ce.

Shekara ashirin ina fasa dutse ina sassaƙawa, har ya zama babu gidan da ake tuƙa tuwo a Tudun Marke ba da garin dutsena ba. Amma murhun gidana duwatsu biyu ne da guntun tubali. Duk dutsen da ya shigo hannuna sai in ga ya fi ƙarfin murhu, in kai shi kasuwa. Ran nan tubalin ya gaji da wuta ya ruguje, tukunyar miyar kuɓewa ta kife a gaban baƙina. Matata Ladingo ba ta ɗaga murya, kuma na sha fatan a ce tana ɗagawa, da ya fi mini sauƙi. Ta dubi miyar a ƙasa, ta dube ni.

"Maigida, dutse ɗaya nake roƙo, kamar kan mutum. Yau shekara ashirin."

Baƙi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Dā ma wani bafatake ya taɓa ba ni labarin Birnin Falale, can bayan Filin Iska da Dajin Kuraye, inda dutse shi ne kuɗi. Na miƙe na ce, "Na rantse ba zan ƙara cin tuwon gidan nan ba sai na kawo dutsen da zai sayi Tudun Marke da abin da ke cikinta."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. In ka ga ƙarami ma, ka taho da shi."

Washegari na ɗora wa jakina dutsen niƙa mafi kyau da na taɓa yi, da ɗan dutsensa na sama, na kama hanya. Lissafina a fili yake: ƙasar da dutse ne kuɗi, mai sassaƙa dutse ai sarki ne.

Wata uku na yi kafin in isa Filin Iska. Fili ne na kwana tara, ba tudu ba bishiya, iskarsa tana ɗaukar mutum da kayansa ta kai shi inda ba a dawowa. Da idona na ga raƙumi yana wucewa ta saman kaina yana tuƙa, bai ma san an ɗauke shi ba. Na ɗaure kaina da jakina a jikin dutsen niƙa, muka riƙa jan ciki har muka fita. A Dajin Kuraye kuma, kurayen da ke can suna bin matafiyi a baya da rana tsaka, suna jira ya gaji. Da suka kewaye ni, na zauna na niƙa barkono mudu guda, na watsa musu a ido, na wuce suna atishawa. Sau biyu ke nan dutsen nan ya ceci raina, kuma ban ko gode masa ba.

Birnin Falale yana zaune a tsakiyar duwatsu, ba itace ko ɗaya sai kara da ciyawa. Abin da na fara gani a ƙofar gari shi ne rumfuna jere, masu kyau, da inuwa mai sanyi. A cikin kowace rumfa akwai dutse a kan matashi, an shafe shi da man shanu, wani har da mayafi. Masu duwatsun kuwa suna zaune a waje cikin rana, suna kore musu ƙuda.

Na wuce kasuwa kai tsaye, na sauke dutsena, na ce a kawo mini farashi. Mutane suka taru. Wani ya shafa tsakiyarsa, ya ji ramin da niƙa ta yi, ya janye hannu kamar ya taɓa mushe.

"Baƙo, wannan dutsen ya taɓa aiki?"

Na ce, "Aiki kai. Yini zai yi yana niƙa bai gaji ba."

Nan take kasuwa ta dare. Uwaye suka rufe wa 'ya'yansu ido. Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce in kwashe ƙazantata. Na tsaya ni da jaki, ban san laifina ba, har wata tsohuwa ta ja hannun rigata ta ce in biyo ta. Sunanta Goggo Yalwa, ba ta da miji ba ta da dutse, kuma babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Ita ta ba ni masauki, ita ta buɗe mini ido.

Ta ce, "Ɗana, a nan dutse ba ya zama kuɗi sai in bai taɓa yin komai ba. Bai niƙa ba, bai tokare ƙofa ba, ba a zauna kansa ba, ba a taka shi ba. Tun ranar da aka ɓamɓaro shi daga tsauni ake sa masa shaidu, in sun mutu 'ya'yansu su gada. Yawan shekarun da ya yi a zaune, yawan darajarsa."

"To yaya ake sayayya, Goggo, in ba a ɗaga shi?"

"Wa zai ɗaga? In ka sayi akuya, sai ka je gaban Sarkin Shaida ka ce gefen dutsenka na hagu ya zama na wane. Shi ke nan. Dutse yana nan inda yake, akuya ta tafi."

Na ce, "Amma ga duwatsun hanya nan birjik, waɗanda an riga an taka. Me zai hana ku sassaƙa dutsen niƙa da su?"

Ta leƙa waje, ta rage murya. "In aka ga ɗaya yana aiki, za a fara tambayar me sauran suke yi."

Da aka kawo abinci na gane sauran. Ba itace, ba turmi. Ba dutsen niƙa, ba gari. Tsabar gero suke dafawa su tauna, tun daga yaye har haƙora su ƙare. Mutumin Falale in ya kai arba'in sai dasashi. Na ga Goggo Yalwa tana tsotsar tsaba ɗaya-ɗaya tana haɗiyewa da ƙyar, tausayi ya kama ni har na kasa cin nawa. Na shiga bayan ɗaki na niƙa mata gero, na tuƙa tuwo mai laushi, na yi miyar yakuwa. Ta ci loma ɗaya ta tsaya. Ta ci ta biyu, hawaye suka zubo.

Ta ce, "Ashe haka abinci yake."

Ƙanshi ba ya ɓoyuwa. Kwana uku, matan unguwa suka fara shigowa da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, kowace tana cewa gaisuwa ta kawo. Mutanen da suka tofa mini yawu a kasuwa su ne suka riƙa aiko da gero ta ƙofar baya. A titi ba mai amsa sallamata, amma kumatun gari suka fara cikowa.

Labari ya kai kunnen Tunau, attajirin Falale. Shi ne mai Hutawa, dutsen da ya shekara ɗari uku bai yi komai ba. Hutawa ba babba ba ne, hannu biyu sun ɗauke shi, amma rabin auren garin da gonakinsa a kansa aka ƙulla. Wannan yana da gefe, wancan yana da ƙusurwa, Sarkin Shaida kansa shi ke da gindin. Duk wannan daga baya na sani. Ranar da Tunau ya aiko a kai ni gidansa a ɓoye, ban san kamannin Hutawa ba.

Tunau ya karɓe ni a ɗakin ciki, tsoho ramamme, haƙori ɗaya ya rage masa yana lilo. Ya ce, "An ce kana yin wani abu da gero. Ni ba ruwana da yadda ake yi. Zan juya baya, kai kuma ka yi sauri."

Ya fita ya ja ƙofa. Na zuba gero na fara niƙa, ɗan dutsena na sama, wanda ya sha wahalar unguwa guda, ya rabe biyu a hannuna. Na duba ɗakin. Can a lungu, kan wani matashi ja, ga dutse sumul, dogo, daidai tafin hannu biyu. Ku yi mini adalci: shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ɗan dutse mai kyansa ba. Hannuna ya riga hankalina. Kuma wallahi ya yi niƙa. Gari ya fito kamar toka.

Tunau ya ci malmala uku, ya suɗe kwano, ya yi gyatsa, ya sa mini albarka. Sannan ya juya don ya gaida dutsensa kamar yadda ya saba bayan cin abinci. Ya ga matashi ba kowa. Ya ga Hutawa a gabana, fari fat da gari.

Ihun da ya yi ya tara unguwa kafin ya yi tunani. Masu sanda suka zo suka tasa ni gaba, aka ɗauko Hutawa a kan matashinsa, sai gaban Sarkin Shaida, wani ƙaton mutum mai suna Bagudu. Gari duka ya biyo mu. A hanya ɗaya daga masu sandan ya faɗa mini hukuncin, cikin ladabi: wanda ya sa dutse aiki, shi zai maye gurbinsa. A zaunar da shi kan matashin, a shafa masa man shanu, ba ci ba sha ba motsi, har ya bushe. Na tuna Ladingo, na ga ko labarin mutuwata ya isa gida dariya za a yi.

Amma da na dubi fuskokin jama'a, ban ga fushi ba. Tsoro na gani. Bagudu kansa gumi yake yi, yana satar kallon gindin dutsen. Sai na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, a yi mini bayani. An ce a garin nan dutse ba ya zama kuɗi sai da shaida."

Ya ce, "Haka ne."

"To yana mutuwa ba tare da shaida ba?"

Ya ce, "Ba ya mutuwa."

"Maganar baƙo tana zama shaida?"

"Ba ta zama."

Na ce, "To ni dai bakina bai da amfani. Sai a tambayi ɗan gari wanda ya gani da idonsa."

Idanu suka koma kan Tunau, wanda har yanzu akwai miya a gemunsa. Ya buɗe baki, ya dubi surukansa, ya dubi waɗanda suka sayar masa da gonaki, ya dubi Bagudu. Ya rufe bakin. Da ya sake buɗewa sai ya ce, "Ni abinci nake ci. Ban ga komai ba."

Aka yi ajiyar zuciya gaba ɗaya. Amma wani mai taurin kai daga baya, wanda ba shi da ko ƙusurwa a jikin Hutawa, ya ce, "To farin abin da ke jikinsa fa?"

Bagudu ya tashi da kansa. Ya dangwali farin da yatsa, ya kai baki, ya lumshe ido. Na tabbata ya san ɗanɗanon, don matarsa tana cikin masu kawo mini gaisuwa da ƙwarya. Ya buɗe ido ya ce, "Furfura ce. Dutse in ya cika shekara ɗari uku yana furfura. Kakana ya faɗa mini."

Aka ɗauki guɗa. Kafin la'asar darajar Hutawa ta ninka.

Da jama'a suka watse, Bagudu ya kira ni gefe. Na zaci kashe ni zai sa a yi, amma mutumin ya fi haka wayo. Ya ce, "Korau, bakinka yana da faɗi, kuma ba na son in ɗinke shi da zare. Ga wani dutse, Ɗan Lele, shekararsa casa'in a zaune, shaidunsa goma sha biyu. Daga yau naka ne. In ka tona namu, ka tona naka."

Aka kai ni rumfarsa. Dutse ne baƙi, mulmulalle, kamar kan mutum. Na yi niyyar in yi dariya, amma sai shaidun nan goma sha biyu suka jeru suka fara kirarinsa: bai niƙa ba, bai fasa ba, bai tokare ba, bai danne ba. Mutanen da suka ƙi amsa sallamata suka zube suna cewa ranka ya daɗe. Ba na jin kunyar faɗa muku daɗi na ji. Kafin sati ya zagayo ni ma ina zaune cikin rana ina kore masa ƙuda.

Niƙa kuwa ban daina ba, da rabin ɗan dutsena da ya rage, sai dai ta canza masu ci. Kowane attajiri yanzu yana son dutsensa ya yi furfura. Suka riƙa sayen gari a wurina suna barbaɗawa da sassafe, su fito suna mamakin ikon Allah. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Har masu dutsen shekara ashirin suka samu furfura. Garin da nake niƙawa duka ya koma kan duwatsu, ko cokali bai ƙara shiga tukunya ba. Shekara shida na yi a haka, na yi ƙiba, ina tafiya ana ba ni hanya.

Wata ranar kasuwa Goggo Yalwa ta zo rumfata. Na daɗe da barin gidanta. Ta rame har iska na kaɗa ta. Ta tsaya a rana, don inuwar ta Ɗan Lele ce.

Ta ce, "Ɗana, ba roƙo na zo ba. Na zo in faɗa maka abin da na yi, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Jiya na faki idon maƙwabcina, na lashe furfurar dutsensa."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ranar na kai dutsen niƙana bayan ɗakinta, na sassaƙa masa sabon ɗan dutse daga na hanya, na koya mata yadda ake durƙusawa da yadda ake turawa. Na ce mata gida zan koma, da Ɗan Lele, in cika rantsuwata.

Ta ce, "Shaidunsa za su bi ka?"

Na ce, "Goggo, dutse mai daraja ai ko makaho ya shafa ya sani."

Ta dube ni kamar yadda Ladingo take dubana, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Kun ga kunyar ta taɓa ni, amma ba ta warkar da ni ba.

Na fita ranar bikin Gaisuwar Duwatsu, da hantsi, lokacin da gari duka yana zagaya rumfar Hutawa. Na naɗe Ɗan Lele a bargona, na ɗora a jaki. A Dajin Kuraye suka kewaye ni kamar dā. Babbarsu ta matso har ina jin warin bakinta, ga dutse a hannuna daidai jifa, da na sake shi da ta mutu. Amma jifa aiki ne. Na jefe ta da takalmina, na jefe ta da ɗayan, na jefe ta da jakar guzurina. Ƙarshe na bar musu jakin, na gudu da dutse a ka. A Filin Iska nauyinsa ya isa ya riƙe ni a ƙasa, sai na tuna dannewa ma aiki ce. Na cika wandona da yashi na ɗaure ƙafafun, don in an tambaya a ce yashi ne ya yi aikin, na yi kwana tara ina tafiya kamar agwagwa. Na kwana a ƙasa ban yi matashi da shi ba. Na samu goruba ina jin yunwa ban fasa da shi ba. Wuyana ya karkace, kuma ga shi har yau bai miƙe ba.

Na shiga Tudun Marke ranar kasuwa, ba takalmi ba jaki, bayan shekara bakwai. Ban ma je gida ba. Na shimfiɗa bargo a tsakiyar kasuwa, na ajiye Ɗan Lele, na yi masa kirari da ƙarfi: bai niƙa ba, bai fasa ba, bai tokare ba, bai danne ba. Mutane suka taru suna saurare. Da na gama, wata mai sayar da gishiri ta ce, "To Malam Korau, me yake yi?"

Na ce, "Ba ya komai. Darajarsa ke nan."

Ta ce, "Irin wannan ai ina da shi a gida, har da gemu."

Dariyar da aka yi ta kai bakin rafi. Na naɗe dutsena na nufi gida, ina cewa a raina jahilai ne, shaidu kawai suka rasa. Ladingo tana tsakar gida. Ta tsufa kaɗan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kawo ruwa, ba ta tambayi jaki ba. Na hango murhu: duwatsu biyu da sabon guntun tubali. Na shiga ɗaki na ɗora Ɗan Lele a kan matashina, na ce kada kowa ya taɓa, zan je in kira liman da mai unguwa da dattawa goma su zama shaidu.

Na sha yawo kafin in samu mutum huɗu, su ma don sun ji tausayina. Muna shiga gida ƙanshin tuwo ya tare mu. Tukunya tana zaune daram a kan wuta, ba karkata ba lilo. Na duba ƙarƙashinta. Duwatsu uku. Na ukun baƙi ne, mulmulalle, harshen wuta yana lasar gefensa. Ɗan Lele ne, mai shekara casa'in da bakwai a zaune.

Na zauna a ƙasa. Shaiduna huɗu suna kallo, sun gani da idonsu, kuma dukansu 'yan gari ne.

Ladingo ta ɗago daga tuƙi, ta share gumi da gefen zane.

"Sannu da ƙoƙari, Maigida. Ka daɗe, amma ka kawo daidai. Ko aunawa ka yi sai haka."

Na so in yi mata bayanin rantsuwata, cewa dutsen da zai sayi gari na ce. Sai ta ajiye kwano a gabana, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa da ba ta zube ba. Na ci malmala biyu, dattawan suka ci sauran.

Ɗan Lele yana nan a murhu, yau shekara goma sha ɗaya, ya yi baƙin hayaƙi, tukunya ba ta ƙara kifewa ba. Wanda yake shakka ya zo ya gani. Ni dai in Ladingo ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, nakan ɗan sunkuya in gaishe shi, in ba shi haƙuri.

Nan labarina ya tsaya, kamar yadda tukunyarmu ta tsaya. Allah ya ba kowa abin da zai ɗora tasa a kai.